Shirin Musamman: Ƙibar Yara a Gidan Talaka

Shirinmu na yau zai kai mu Amurka, inda kusan yaro ɗaya cikin biyar ke fama da ƙiba mai cutarwa, bisa alƙaluman hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka. A wurinmu an ɗauki teɓa alamar hutu. A can kuwa, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi tara ta.

An daɗe ana ɗora wa iyaye laifi: wai ba su san abinci mai gina jiki ba, wai sakaci ne. Sai wasu mata biyu masu nazarin zamantakewa suka je suka zauna da iyayen, suka saurare su.

Ta farko, Caitlin Daniel, wadda a lokacin take Jami'ar Harvard, ta tattauna da iyaye a yankin Boston, har kantin cefane ta riƙa bin wasunsu. A shekarar 2016 ta fitar da sakamakon. Masana sun riga sun nuna cewa yaro kan ƙi sabon abinci sau 8 zuwa 15 kafin harshensa ya karɓa. To, mai sauraro, yi lissafi. Uwa ta sayo kayan lambu da ɗan abin da ya rage mata, ta dafa, yaro ya ɗanɗana ya yamutsa fuska ya ture kwano. Kuɗi sun tafi bola, ga shi har yanzu cikinsa ba komai. Mai hali zai iya jure wannan asarar sau goma har yaron ya saba. Wadda ke ƙirga kwanakin da suka rage wata ya ƙare ba za ta sake gwadawa ba. Za ta sayi abin da ta tabbata zai cinye tas, ko da kuwa maiƙo da sukari da gishiri ne suka cika shi.

Ta biyu, Priya Fielding-Singh, ta yi aiki da iyalai sama da 70 a jihar Kalifoniya, masu kuɗi da talakawa, aikin da ya zama littafi a 2021. Yara dai duk halinsu ɗaya, kowa na roƙon kayan kwalama. Bambancin yana wurin amsar iyaye. A kashi 96 cikin 100 na gidajen masu kuɗi, akwai uwa ko uban da ya saba cewa a'a. A gidajen talakawa kashi 13 ne kacal.

Me ya sa? Uwar da ta ce wa ɗanta babu sabon takalmi, babu keke, babu yawon hutu, kullum babu, ta gaji da ganin ransa a ɓace. Ledar soyayyen dankali ta dala ɗaya ita ce abu guda da take iya cewa to, karɓi. A ganina duk wanda ya kira wannan sakaci bai taɓa komawa gida hannu rabbana yara na jiransa a bakin ƙofa ba.

Kada mu ce abin na can nesa ne. A 2025 asusun UNICEF ya sanar cewa a karon farko, masu ƙiba tsakanin shekara 5 zuwa 19 sun fi masu rama yawa a duniya, sun kai kimanin miliyan 188. Afirka kudu da Sahara ba ta kai nan ba tukuna, mu tamowa ce har yanzu ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. Amma ku leƙa ƙofar makarantar firamare lokacin tara, ku ga abin da kuɗin tara ke saya: biskit, alawa da lemon roba. Najeriya ma ta sanya harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021.

Kiranmu ga ma'aikatan lafiya shi ne, ranar awon yara, kafin ku karanto wa uwa jerin abin da ya kamata ta dafa, ku fara tambayarta nawa ake ba ta na cefane, kuma me yaron ke yarda ya ci.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.