Yaro Mai Tseren Dogon Zango: Jan Kunne ga Iyaye da Malamai

A kowace shekara, idan lokacin wasannin makarantu ya kewayo, akan sami yaro ɗan shekara 13 ko 14 wanda zai tsere wa 'yan ajinsu kaf a gudun mita 1,500, har ya bar waɗansu da suka girme shi a baya. Daga ran nan sai malamin wasanni ya sa masa ido, uba ya cika da murna, abokai su yi ta zuga shi. To, a daidai wannan lokaci ne ake lalata yara da yawa. Ba mugunta ke kawo haka ba, gaggawa ce. Ana ɗora wa yaro aikin babban mutum tun jikinsa bai gama ginuwa ba.

Dalili kuwa yana cikin ƙashi. Ƙasusuwan ƙafar yaro ba su gama ƙosawa ba. Kusa da kan kowane dogon ƙashi akwai wani faifai na guringuntsi, daga nan ne ƙashin ke ƙara tsawo. Wannan faifai ba ya rufewa sai yarinya ta kai wajen shekara 14 zuwa 16, namiji kuwa wajen 16 zuwa 18. Kafin ya rufe, ya fi sauran ƙashin rauni. Har wa yau, a shekarun da yaro ke miƙewa farat ɗaya, ƙashi yakan riga jijiya tsawo, sai jijiyar ta ɗaure, ta riƙa jan wurin da ta kama. Shi ya sa ake yawan jin yaro mai gudu yana kukan ciwo a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, wani lokaci har wurin ya yi ƙulu. Likitoci biyu, Osgood na Amurka da Schlatter na Suwizalan, su suka bayyana wannan ciwo a 1903. Akwai irinsa a dunduniya, wanda wani likita Sever ya bayyana a 1912. Dukansu sukan wuce idan an rage gudu an ba wurin hutu. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma fa ba a yin azara da ɗanyen reshe.

Saboda haka sai a fara da kaɗan. Kwana uku ko huɗu a mako sun ishi mai farawa, kowace rana minti 20 zuwa 30. Yawancin gudun ya zama na sassarfa, watau irin wanda yaro zai iya magana da na kusa da shi ba tare da haki ya tsinke masa zance ba. Idan za a ƙara, masu horar da 'yan tsere sukan bi wata ƙa'ida, kada ƙarin mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon da ya gabata. Lalle a bar masa kwana ɗaya ko biyu a mako ba gudu ko kaɗan. Kada kuma a hana shi ƙwallo ko langa don wai ya zama ɗan tsere. Wasanni iri-iri suna raba wahala ga gaɓoɓi, ba a barin wuri ɗaya yana shan duka kullum. Filin makaranta da hanyar gona sun fi kwalta sauƙi ga ƙafa.

Waɗansu za su ce ai Abebe Bikila na Habasha da ƙafa ba takalmi ya ci gudun fanfalaki a birnin Rum a 1960. Haka ne. Amma a tuna shekararsa 28 a lokacin, soja ne da jikinsa ya riga ya ƙosa. Kipchoge Keino na Kenya ma shekararsa 28 sa'ad da ya ci mita 1,500 a Meksiko a 1968. Fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, kuma manyan gasanninsa na Landan da Boston ba sa karɓar wanda bai kai shekara 18 ba. Yaro ɗan 13 ya tsaya a tsakanin mita 800 da 3,000, ko gudun daji na makarantu. Ko an sa kuɗi mai yawa a tseren manya, kada kwaɗayinsa ya sa a jefa yaro ciki.

Abin da ya fi kowane haɗari a ƙasar nan shi ne zafi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40. Jikin mai gudu yana haifar da zafi nasa na kansa, gumi ne ke fitar da shi. Idan ruwan jiki ya yi ƙasa, ko iska ta yi zafi ainun, sai zafin ya taru a ciki har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Wannan ba ya barin ko gwani. A Bankuba ta Kanada a 1954, wani Bature ɗan Ingila, Jim Peters, wanda a lokacin ba mai kamo shi a fanfalaki, ya shigo fili ya ba na biyu ratar minti 17, sai ya yi ta faɗuwa yana tashi, bai kai ga layi ba. Bai sake shiga tsere ba. To, ina ga yaro?

Lokacin gudu shi ne bayan asuba kafin hantsi, ko bayan la'asar sakaliya. Malamin da ya sa yara zagayen fili da azahar don horo ya yi babban kuskure. A sha ruwa kafin a fita, a sha bayan an dawo. Fitsari shi ne ma'auni: idan ya yi ja kamar shayi, ruwa bai isa ba. In aka ga yaro yana tangaɗi, ko yana surutai, ko bai gane mutane ba, kada a tsaya jira. A kai shi inuwa, a tuɓe masa riga, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana fifita, sa'an nan a garzaya asibiti ana ci gaba da sanyaya shi a hanya. Ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. A watan azumi, yaron da ke azumi ya bar gudu mai ƙarfi da rana, ya yi ɗan kaɗan bayan buɗa baki. Da hunturu kuwa, ranar da ƙura ta yi kauri, mai asma ya zauna.

Tun kafin a fara, yana da kyau likita ya duba yaron. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da ciwo ba. Mai irin wannan jini yana iya tsere, sai dai ya kiyayi zafi da ƙishirwa da matsa wa kai fiye da kima. Wanda ya taɓa suma cikin wasa, ko yake jin ciwon ƙirji, ko aka yi mutuwar fuju'a ta matashi a danginsu, kada ya yi gudu sai likita ya yarda. Mai zazzaɓi ba ya gudu, ko da ranar gasa ce.

Abinci ba sai na kanti ba. Tuwo, wake, fura da nono, ƙwai, kifi, ƙuliƙuli da zogale sun isa, muddin yaro ya ƙoshi, domin ci biyu yake yi, na girma da na gudu. Kada a rage masa abinci wai don ya yi sauƙin jiki. Yarinya ta fi bukatar abinci mai ƙara jini, irin su hanta da wake da ganye, kuma idan al'adarta ta ɗauke wata uku, alama ce jiki ba ya samun abin da ya ishe shi. Uwa ta kai ta asibiti, don ƙashi yakan yi rauni ta haka. Barci awa 8 zuwa 10 ne. Ƙwayar tiramol da waɗansu ke ba yara da sunan maganin gajiya guba ce ga wannan aiki: tana ɓoye ciwo, tana kama mutum, kuma hukumar duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta haramta ta a gasa tun daga Janairun 2024.

Yaro ba ya son faɗin ciwo, don tsoron kada a cire shi daga cikin 'yan wasa, ko a ce masa rago. Sai babba ya lura da tafiyarsa. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba kome ba ne. Amma ciwon da ke wuri ɗaya a ƙwauri ko bayan ƙafa, wanda yaro zai iya nunawa da yatsa, yana ƙaruwa in ana gudu, har ya sa ɗingishi, mai yiwuwa ƙashi ne ya fara tsagewa. Wannan ba aikin tausa ba ne, ba kuma na tsagar wanzami ba. A dakatar da gudu a ranar, a kai shi asibiti a duba ƙashin, kuma kada ya koma fili sai likita ya ba da izini, ko da zai ɗauki mako shida ko takwas.