Gargaɗi ga masu kwamfuta a Damagaram: kada a sa maku jan ƙarfe a katin hoto

Jama'ar Damagaram, musamman masu haɗa bidiyon biki da suna, da masu shagon hoto, da samarin da ke riƙe da ɗakunan wasan gem, da ɗaliban Jami'ar André Salifou masu aikin zane, da ku masu gyara tun daga Zango har Sabon Gari, ku saurara tun bazara ba ta kama ba. Akwai wata dabara da ke yawo a wayoyi. Ana nuna mutum ya kwance katin hoto na kwamfuta, ya ɓamɓare ƴan katifun nan masu laushi da ke kan memori, ya jera ƴan fallayen jan ƙarfe a gurbinsu, sai ga zafi ya sauka. Kada ku yi, kada kuma ku bari a yi maku. Wanda aka riga aka yi wa, ya kashe injin, ya kai a buɗe a duba.

Abin da ke jan mutane gaskiya ne. Jan ƙarfe yana ɗaukar zafi fiye da kusan duk ƙarfen da hannunmu ke kai wa. A ma'aunin masana yana kusan 400, alhali yawancin katifun nan ba su kai 20 ba. Kuma akwai katunan da memorinsu ke ƙuna da gaske. A watan Satumba na 2020 kamfanin Nvidia ya fitar da RTX 3080 da RTX 3090 ɗauke da memorin GDDR6X na kamfanin Micron, mai gudu, mai zafi. In cikinsa ya kai wajen digiri 110, katin da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. To, ga mu a garin da Afrilu da Mayu ke haye digiri 40 a inuwa, shago rufin kwano, fanka na kaɗa iska mai zafi. Mai shago yana tsakiyar haɗa bidiyon amarya, dangi na jira, injin ya fara rarrafe. Duk wanda ya ce masa ga magani, zai saurara.

Amma katifar nan aiki biyu take yi, bidiyon da ke yawo a wayoyi kuwa ɗaya yake nunawa. Tana kai zafi ga radiyatar da ke sanyaya katin, sannan ita ce gammo tsakanin kaya da kai. Ƙwayoyin memori da ke kewaye da babbar ƙwaƙwalwar katin ba su zama daidai tsayi ɗaya, domin kowace na zaune ne a kan ƴan ƙwallayen dalma guda 180, ƙanana ƙwarai, kuma allon kansa yana ɗan lanƙwasa in ya yi zafi. Katifa tana lotsawa ta cike wannan bambanci. Jan ƙarfe ba ya lotsawa ko kaɗan.

In fallen ya yi kauri da kashi ɗaya cikin goma na milimita, wato kaurin takardar rubutu guda, radiyata sai ta hau kansa ta ɗaga daga kan babbar ƙwaƙwalwa. Memori ya yi sanyi, ƙwaƙwalwa ta ɗau zafi, an gyara ƙarami an ɓata babba. Mai gyara ya ga haka, sai ya ƙara ɗaure kusoshi don su haɗu. A nan ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa da sauƙi: duk nauyin ɗaurin yana sauka a kan dalmar nan, ta tsage a ƙarƙashi inda ido ba ya gani. Katin yana iya tashi ranar lafiya lau, a biya kuɗin gyara, a yi godiya. Bayan ƴan makonni na zafi da sanyi sai zane-zane da ɗige-ɗige masu launi su bayyana a allo, ko Windows ta nuna lambar kuskure 43, ko hoto ya ɗauke gaba ɗaya. In kuma fallen ya yi siriri, iska ce ke tsakani, zafin ya fi na da.

Haɗari na biyu ya fi saurin kisa. Jan ƙarfe shi ne abin da ake yin wayar lantarki da shi. Dab da kowace ƙwayar memori akwai ƴan ƙananan kayan wuta jere, wasu ba su kai ƙwayar gero ba, kawunansu a buɗe. Abin da ke riƙe fallen a wurinsa man zafi ne kawai da aka shafa sama da ƙasa, man nan kuwa yana laushi da zafi, yana tsiyayewa gefe, yana bushewa. Ku tuna yadda injinanmu ke tafiya: a ɗaura a bayan babur zuwa gidan biki, a sa a but ɗin mota daga Kano a biyo ta Matamai ko Magariya. Fallen ya gusa kaɗan ya taɓa kawuna biyu, wuta ta haɗu, kafin ƙiftawar ido an gama. Wani lokaci ba katin kaɗai ke tafiya ba.

Waɗanda ke yin wannan aiki ya yi masu kyau suna da ma'aunin kauri mai karanta kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, suna da fallaye masu kauri daban-daban da inji ya yanka ya goge, suna rufe kewayen memori da salatif na musamman mai jure zafi da ake kira Kapton, su ɗaura su kwance su duba sawun man sau da yawa. Duk da haka wasunsu na asarar kati, sai dai su suna da inda za su sayi wani gobe. Abin da nake tsoro a nan shi ne a yanko bututun jan ƙarfe na tsohuwar kilima ko firji, a buge da guduma, a yanka da almakashi. Ban raina maƙeranmu ba. Garin da aka ƙera igwa a cikinsa zamanin Sarki Tanimu ba za a koya masa aikin ƙarfe ba. Amma guduma ba ta ba da fuskar da wannan aiki ke so, kuma bakin almakashi yana barin ƙaya mai kartar memori. Kwabo, gwangwanin lemo, takardar azurfa ta kwalin taba, duk hukuncinsu ɗaya. Haka ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da ake tallatawa a madadin man zafi: yana ɗaukar wutar lantarki, yana kuma cin alminiyom.

Masu sayen kati na hannu, gargaɗin ya fi shafarku. Ranar 15 ga Satumba 2022 tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da haƙar kuɗi da katin hoto, sai katunan da suka kwana suka wuni suna aiki shekara da shekaru suka malalo kasuwannin duniya da araha. Masu haƙa su ne suka fi kowa yi wa memori dabaru, domin aikinsu memori yake ci. Kafin ka ƙirga jikkunanka, haska tocila ta gefen katin tsakanin allo da radiyata. In ka hango jan sheƙi a kan memori, ko kawunan kusoshi sun cinye, ko tambarin kan kusa ya yage, ka ce, "Maigida, a kunna mini shi tukuna." A sa masa aiki mai nauyi na rabin awa, a buɗe manhajar HWiNFO ko GPU-Z, kyauta suke, a duba zafin memori da na ƙwaƙwalwa. Mai kaya ya ƙi, bar masa kayansa. In dalma ta tsage, gyaranta sai mai injin ɗaga memori, galibi sai an kai Kano, wani lokaci har Legas, kuma ba tabbas.

Masu GTX 1060, GTX 1660 ko RX 580, memorinku ba GDDR6X ba ne, ba ku da dalilin shiga wannan kasada tun farko.

Wanda zafi ke damu, ya fara da ƙura. Hunturu yana cusa ta tsakanin haƙarƙarin radiyata har ta zama kamar bargo, iska ba ta ratsawa. A kashe, a cire waya daga bango, a riƙe fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa, a hure. A ɗaga injin daga ƙasa, a janye shi daga jikin bango. Sannan a buɗe manhajar MSI Afterburner a rage ƙarfin wutar da katin ke ja zuwa kashi 75 ko 80 cikin ɗari. RTX 3080 wat 320 yake ci, in ka rage masa gudun da za ka rasa kaɗan ne, zafi da nauyin da ke kan janareta ko batirin sola kuwa su ragu sosai. Aiki mai nauyi a bar shi sai dare ko bayan asuba. In katifun sun bushe suna farfashewa, a sa sababbi masu kaurin na asali daidai, ko milimita 1 ne, ko 1.5, ko 2, domin kowane samfuri da nasa, kuma kati guda yana iya ɗaukar kauri biyu ko uku. A auna tsohuwar ta gefen da bai lotsa ba kafin a jefar.

Ku kuma masu gyara, ƴan uwa, amanar mutane ce a teburinku. In mai kaya ya zo da bidiyo a waya yana cewa a yi masa irin wannan, ku buɗe katin a gabansa, ku nuna masa ƴan kayan wutar da ke gefen memori, ku gaya masa abin da zai rasa. In ya nace, ku mayar masa da kayansa a ɗaure yadda ya kawo.