Bakin Teku Ko Agege: Ina Baƙo Zai Kafa Gida?

Duk magidancin da ya shekara goma ko fiye a Ikko, akwai ranar da ɗakin haya yakan yi masa kaɗan. Yara sun tasa, uwargida ta gaji da layin famfo, mai gidan haya kuwa kowace shekara sai ya ƙara kuɗi. A nan ne akan fara shawarar tashi. To, shawarar a 'yan shekarun nan ta rabu biyu a tsakanin 'yan Arewa mazauna Kurmi. Waɗansu sun karkata ga ƙauyukan bakin teku na wajen Badagiri da Ibeju, inda fili ke da sauƙi kuma babu hayaniya. Waɗansu kuwa sun ce su dai babban gari irin Agege, ko da za a matsu.

Abin da ke jan mutane bakin teku a fili yake. Wanda ya fito daga cunkoson Obalende ko Idi-Araba ya sauka ƙauyen Egun a gefen Badagiri, sai ya ga kamar an sauke masa kaya. Ga itatuwan kwakwa jere, ga iska, ga ɗanyen kifi daga kwalekwale. Kuɗin da zai biya hayar ɗaki biyu a cikin gari ya isa ya kama gida mai tsakar gida, har uwargida ta ɗaure tunkiya ta saki kaji kamar tana Arewa. Akwai kuma sana'a ga wanda ya san ta. Masu sayen kwakwa da busasshen kifi suna lodi zuwa Arewa, masu lambu suna samun ƙasa mai damshi, ga kuma iyakar Seme kusa, hanyar Kwatano. Ta gabas kuwa, tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar man Ɗangote a 2023, aikin gadi da leburanci da sayar da abinci ya ƙaru a ƙauyukan Ibeju.

Amma fa araha ba ta ado. Abu na farko shi ne hanya. Mai sana'a a kasuwar Mile 12 ko mahautar Oko-Oba, in ya tare a Badagiri, to, ya ɗaura aure da mota. An fara faɗaɗa babbar hanyar Badagiri tun 2009, aikin ya ci shekaru masu yawa, ga shingayen jami'an tsaro saboda kusancin iyaka. Abin da mutum ya rage a kuɗin haya sai ya zube a kuɗin mota, ya fita kafin asuba ya dawo yara sun yi barci. Waɗansu ƙauyukan ma suna tsakanin rafi da teku ne, ba a shiga sai da jirgin ruwa. In naƙuda ta tashi da tsakar dare a watan Yuni, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi, a nan magidanci zai san nisan asibiti. Bugu da ƙari, iskar teku gishiri gare ta, tana cin kwanon rufi da ƙofar ƙarfe da babur. Cinikin iyaka shi ma ba abin jingina ba ne, gama an rufe Seme daga Agusta 2019 har Disamba 2020, masu cin abinci da ita suka ji jiki.

Abu na biyu, wanda ya fi hanya nauyi, shi ne fili. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna. Wurare da yawa a bakin tekun Legas gwamnati ta riga ta karɓe su, sai ɗan abin da ta yanke ta bar wa ƙauye. Baƙo yakan biya 'yan ƙasa, waɗanda Yarabawa ke kira omo onile, a ba shi rasit da tambarin dangi, ya ɗauka ya mallaki fili, alhali kuwa wurin yana cikin na gwamnati, ko kuma wani ɓangaren dangin ya riga ya sayar wa wani. Jihar Legas ta kafa dokar hukunta masu ƙwacen fili a 2016, amma doka ba ta mayar wa mutum kuɗin bulo da siminti.

Daɗin daɗawa, bakin tekun da a da ba wanda ya kula da shi yanzu idon kowa yana kansa. An tashi mutanen Otodo Gbame a yankin Lekki tsakanin 2016 da 2017, dubban masunta suka rasa matsuguni. A Janairun 2020 sojojin ruwa suka kori mazauna Tarkwa Bay. A 2024 kuma da aka fara hanyar bakin teku daga Legas zuwa Kalaba, an rushe gine-ginen da suka faɗa kan layinta. In wannan ya sami waɗanda suka daɗe a wurin suna kamun kifi, ina ga baƙon da ya zo jiya?

Agege kuwa labarinta dabam ne, domin Bahaushe ba baƙo ba ne a cikinta. Gonakin goro da hanyar jirgin ƙasa, wadda ta haɗa Ikko da Kano tun wajen 1912, su suka kawo fatake suka kafa zango, har aka haifi 'ya'ya da jikoki a nan. Akwai Sarkin Hausawa da fadarsa, wanda in rigima ta taso da mai gidan haya ko da 'yan sanda akwai inda za a kai kuka. Akwai masallatan da ake wa'azi da Hausa, da makarantun allo da Islamiyya, ga Markaz ta Shehu Adamu Al-Ilori, wadda ya kafa a Abeokuta a 1952 kafin ta dawo Agege. Akwai ungozoma da wanzami, da mai tuwo da mai fura. Ranar da ta Allah ta kasance kuma, akwai maƙabarta da masu wanka da masu salla. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda danginsa ke Sakkwato ko Haɗeja.

Zirga-zirga ma ta yi sauƙi fiye da da. An buɗe gadar sama ta Pen Cinema a 2021, a shekarar kuma jirgin ƙasa na Ikko zuwa Badun ya fara aiki yana tsayawa a Agege. A 2024 jirgin cikin gari daga Agbado zuwa Oyingbo ya biyo baya.

Sai dai gari ma da nasa ciwon. Haya da tsada, ga la'adar dillali da kuɗin yarjejeniya a kai. Dokar haya ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma wanda ke neman ɗaki ido rufe ba ya tsayawa jayayya. Ga cunkoso, ga lambatu da ke cika da damina, ga tsoron kada yaro ya bi 'yan tasha. Kuma manyan rigingimun ƙabilanci da suka ci rayuka, irin na Ketu a 1999 da Idi-Araba a 2002, a cikin gari suka auku, ba a ƙauyen masunta ba. Yawan jama'a garkuwa ne, amma a wurin yawan ne wuta ta fi saurin kamawa.

To, ina mafita? Dattawan zango ba sa auna wannan al'amari da daɗin iska ko arahar fili. Abin da suke dubawa shi ne inda abincin mutum yake. Mai kwakwa da mai kifi da mai lambu, da wanda aikinsa ke Ibeju, bakin teku gidansa ne. Mahauci da ɗan goro da mai rumfa a kasuwa, da duk mai yara 'yan makaranta ko matar da ba ta jin Yarabanci, gari ya fi masa rufin asiri.

Wanda kuwa zuciyarsa ta nace wa ƙauye, hanyar da ta fi aminci ita ce ya fara da haya, ya ga damina guda da idonsa, ya san inda ruwa ke kwanciya. Ya gai da Bale, watau dagacin wurin, ya yi abota da maƙwabta, gama da ɗan gari akan ci gari. Kafin ya ba da ko kwabo a kan fili, ya kai taswirar safiyo ofishin ƙasa da ke Alausa a duba masa ko wurin na gwamnati ne, lauya kuma ya karanta takardun. Kuɗin lauya da na safiyo ba su kai kuɗin ɗaki guda ba, balle gidan da katafila za ta kwashe cikin wuni ɗaya.