Kaurin Ruwan Jiki da Tafiyar Ƙwayoyin Halitta

Duk wanda ya taɓa dama kunu ya san bambancin mai kauri da tsululu. Ruwa yana zuba nan da nan, zuma kuwa sai ta ja jiki. Masana kimiyya suna auna wannan kauri da ma'aunin sentifoyis, wanda ya samo suna daga Poiseuille, likitan Faransa da ya yi nazarin gudun ruwa cikin siraran bututu a shekarun 1840. A ɗumin jikin mutum kaurin ruwa kusan 0.7 ne, na jini kuma ya ninka haka sau huɗu ko biyar.

Mun koya a ajin bayoloji cewa da ƙwayoyin halitta aka gina jikinmu. Waɗannan ƙwayoyi suna zaune ne cikin wata saƙa mai kama da ragar masunta. Zarenta shi ne kolajin, furotin ɗin da ya fi kowane yawa a jiki. A tsakanin zaren akwai ruwa, da wani sinadari mai suna hayaluronan wanda ke riƙe ruwan, yana ba shi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Shi ne ke sa ruwan gwiwa santsi, don kada ƙasusuwa su goge juna.

To, idan ruwan nan ya ƙara kauri, me zai faru da ƙwayar da ke tafiya a cikinsa? Yawancinmu za mu ce tafiyarta za ta ragu, kamar wanda ya shiga taɓo da damina. Amma a shekarar 2022 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, ƙarƙashin Konstantinos Konstantopoulos, suka buga sakamako a mujallar Nature da ya nuna akasin haka. Sun ƙara kaurin ruwan da suke renon ƙwayoyin kansar nono daga kusan 0.8 zuwa 8, sai ƙwayoyin suka ƙara sauri.

Ga yadda abin yake. Da ƙwayar ta ji nauyin ruwa a gabanta, sai ta ƙara yawan zaren aktin, wato ƙashin jikinta, a wannan gefen. Daga nan ta riƙa zuƙar ruwa ta gaba har ta kumbura, fatarta ta miƙe. Miƙewar tana buɗe wata ƙofa mai suna TRPV4, sinadarin kalsiyam ya shiga, ƙwayar ta matse jikinta da ƙarfi ta tura kanta gaba. Har ila yau, ƙwayoyin da suka yi kwanaki cikin ruwa mai kauri sun ci gaba da sauri bayan an fitar da su, kuma sun fi yaɗuwa a huhun ɓeraye.

A shekarar 2022 ɗin kuma, wani bincike a mujallar Nature Physics ya nuna cewa ruwa mai kauri yana danne gefen ƙwaya, sai ta baje, ta ƙara riƙo, ta ja abin da take kai da ƙarfi. A cikin jiki saƙar nan ce ke shan jan. An riga an san cewa idan ƙwayoyi suka ja zaren kolajin yakan miƙe ya jeru, ƙwayoyin kansa kuma su bi shi kamar hanya. Ƙari da kansa yana iya ƙara kaurin ruwan da ke kewaye da shi, domin yana matse hanyoyin da ke kwashe ruwa daga tsoka, gutsattsarin saƙar da ya farfasa kuma su taru a wurin.

Mu a nan mun san wani misali na kusa, wato ciwon sikila. A wannan cuta kaurin yana cikin jar ƙwayar jini ne. Idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, sinadarin himoglobin S yakan haɗu ya zama dogayen zare, ƙwayar ta sandare ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara tsananta wannan. Shi ya sa likitoci ke matsa wa masu sikila su yawaita shan ruwa, musamman da bazara.

Saboda haka, ya ku ɗalibai, idan abokin ɗakinku mai sikila ya nemi ruwa ko hutu a filin wasa, kada ku ce ragwanci ne. Ku taimaka masa, in ciwo ya tashi ku sanar da malamin da ke kula da ku ba tare da jinkiri ba. Iyayenmu kuma, duk wanda ya ji wani ƙulli a nono ko wani wuri a jiki, ya je asibiti tun ƙwayoyin ba su kama hanya ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.