Aikin Jinya: Abin Da Masu Bincike Na Duniya Suka Gano, Da Rabon Mutanen Fammar A Ciki

A ce yau a Fammar, cikin ƙasar Kibiya, kudu da birnin Kano, naƙuda ta kama wata mata da tsakar dare, ga damina ta sauka, ga hanya ta jiƙe. Tsofaffin gida sun yi iyakar dabararsu, abin ya faskara. Mai gida ya ruga ya taso mai babur ko mai mota, aka ɗauke ta sai Kibiya, ko kuwa aka zarce da ita babban asibitin Rano. To, muna tambaya, in sun isa ƙofar asibitin nan wa zai tarbe su? Duk wanda ya taɓa kai nasa ya san amsa. Galibi nas ce ko ungozoma za ta fara ɗora wa matan nan hannu, ita za ta kwana a kanta, ita ce kuma za ta san lokacin da ya wajaba a taso likita.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin nas bai wuce allura da wankin miki da miƙa ƙwayar magani ba. Masana na ƙasashe dabam dabam sun yi shekaru suna auna wannan aiki da alƙalami da lissafi, abin da suka gano kuwa ya kamata ko wane mai gida a ƙasar Rano da Kibiya ya ji shi, domin ya shafi ran iyalinsa.

MAFARIN ƘIDAYA

Jinyar marasa lafiya tsohuwar sana'a ce. Malamanmu sun san labarin Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a Madina tana jinyar waɗanda aka yi wa rauni a Yaƙin Khandaƙ. Amma ƙidaya amfanin jinya da rubuta shi a littafi, Florence Nightingale ta Ingila ce ta yi suna da shi. Cikin 1854, lokacin Yaƙin Kirimiya, ta tafi da mata 38 zuwa asibitin soja na Scutari, daura da Santambul. Ta tarad da sojoji kwance cikin ƙazanta, ta riƙa rubuta yawan masu mutuwa da abin da ya kashe su. Da aka tattara lissafin sai ya bayyana cututtuka irin su zawo da kwalara da zazzaɓi sun fi harsashi kisa nesa ba kusa ba. Cikin 1855 aka yashe magudanan asibitin, aka gyara sha'anin ruwa da iska, mace-mace suka ragu ƙwarai. Da ta koma gida ta buɗe makarantar jinya a Asibitin St Thomas na Landan cikin 1860. A makarantar nan ce 'yar Nijeriya, Kofoworola Pratt, ta shiga karatu cikin 1946, ita ce kuwa ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta Nijeriya duka cikin 1965, shekarar da Jami'ar Ibadan ta fara koyar da jinya har zuwa digiri.

MAJINYACI NAWA NAS ƊAYA ZA TA IYA?

Tambayar da ta fi damun masu binciken zamanin nan ita ce wannan. Cikin 2002 wata shaihiyar malama ta Jami'ar Pennsylvania a Amirka, Linda Aiken, ita da abokan aikinta suka bayyana abin da suka samu a asibitoci 168. Sun bi takardun majinyata fiye da 230,000 da aka yi wa aikin fiɗa, suka kuma tambayi nas-nas fiye da 10,000 yawan mutanen da ko wacce ta ke kula da su. Suka ga duk sa'ad da aka ƙara wa nas majinyaci ɗaya bisa waɗanda ke hannunta, haɗarin mutuwar majinyaci cikin kwana 30 ya kan hau da kashi 7 cikin 100 bisa yadda ya ke da.

Waɗansu suka ce ai wannan halin Amirka ne kaɗai. Sabo da haka aka sake gwadawa a asibitoci 300 na ƙasashe 9 na Turai, kan majinyata 422,730, aka buga sakamakon a mujallar likitoci mai suna Lancet cikin 2014. Lissafin ya fito daidai da na farko, watau kashi 7 cikin 100 kan ko wane majinyaci da aka ƙara. Har wa yau aka gano ilmin nas ɗin ma yana da nasa nauyi. Asibitin da 60 cikin 100 na nas-nas ɗinsa ke da digiri, ko wacce kuma tana riƙe da mutum 6, mace-macensa sun gaza na asibitin da 30 cikin 100 kaɗai ke da digiri, ko wacce tana riƙe da mutum 8, da kusan kashi 30 cikin 100.

Mai karatu zai so ya san dalili. Ga shi. Likita ya kan zaga ɗakin majinyata sau ɗaya ko biyu a yini ya wuce. Ciwo kuwa ba ya jiran zagayen likita. Kafin majinyaci ya rikice akwai alamun da su kan riga zuwa: bugun jini ya yi sauri, numfashi ya sake, zafin jiki ya hau, fitsari ya ragu, mai magana daidai ɗazu ya fara sambatu. Nas mai mutum 5 za ta ga alamun nan da wuri, in tana da ilmi ta san ma'anarsu, ta yi abin da ya kamata ko ta kira likita. Nas mai mutum 20 kuwa, komai tausayinta, kafin ta dawo kan gadon farko aikin gama ya gama. Taura biyu ba ta taunuwa, balle ashirin. Binciken 2002 ya nuna kuma nas ɗin da aka danƙara wa kaya ita ta fi saurin gajiya da aikin, ta fara tunanin barinsa.

Akwai waɗanda suka ji maganan nan suka yi aiki da ita. Cikin 2016 Gwamnatin Jihar Queensland ta Ostareliya ta kafa doka a asibitocinta 27, cewa a ɗakunan manya kada a wuce majinyaci 4 ga nas ɗaya da rana, 7 da dare. Aka gwada su da waɗansu asibitoci 28 da dokar ba ta hau kansu ba. Rahoton da ya fito cikin 2021 ya kimanta an tsirad da rai 145 cikin shekara biyu, kuɗin da aka tsimi wajen rage kwanakin jinya da komowar majinyata kuwa ya ninka abin da aka kashe wajen ɗaukar ƙarin ma'aikata.

GANI YA KORI JI

Mun san wani dattijo a Fammar zai ce, “Duk wannan labarin Turawa ne masu kuɗi, ina ruwanmu?” To, ga wanda aka yi a gida. Zubar jini bayan haihuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kimanta cikin 2023 mata wajen 75,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da rubu'in na duniya duka. Tun da daɗewa ungozoma da ido ta ke kimanta jinin da mace ta zubar, ido kuwa yana ruɗi, sau da yawa ba a farga ba sai mace ta galabaita.

Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya suka shirya wani gwaji mai suna E-MOTIVE a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Wadda ta shugabanci aikin a Nijeriya 'yar Kano ce, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero. Dabarar ba ta da wuya. A kan shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu, an zana ma'auni a jikin aljihun, jinin ya riƙa taruwa a ciki ana ganin iyakarsa. Da ya kai rabin lita, ko kuwa ya doshi nan ga waɗansu alamun haɗari, ungozoma ba za ta tsaya gwada magani ɗaya ta jira ta gani ba. Nan take za ta haɗa duka: ta murza mahaifa, ta yi allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, ta yi allurar tsai da jini, ta sa ƙarin ruwa, ta duba inda jinin ke fitowa, in bai tsaya ba ta kira na gaba da ita.

An bi haihuwar mata fiye da 210,000, aka bayyana sakamakon cikin 2023. A asibitocin da suka ci gaba da tsohuwar hanya, wajen rabin masu zubar jini kaɗai aka gane. A inda aka bi sabuwar hanya an gane 93 cikin 100. Zubar jini mai tsanani, da fiɗa ko mutuwa ta dalilinsa, suka ragu da kashi 60 cikin 100. A lura, magungunan nan duka an san su tun da. Abin da aka sake shi ne horon ungozoma, da ba ta ma'auni, da sakar mata hannu ta yi aiki da abin da ta gani.

BAƘO RAƁA, ƊAN GARI KABA

Amma fa leda mai ma'auni ba ta shimfiɗa kanta. Sai da ungozoma a wurin, sai kuma mace ta yarda ta zo. Ƙidayar lafiya da aka yi a Nijeriya cikin 2018 ta nuna 43 cikin 100 na haihuwa ne ƙwararren ma'aikaci ya karɓa, a jihohin Arewa maso Yamma kuwa, inda Kano ta ke, abin bai kai 1 cikin 5 ba. Ga kuma ƙaura. Cikin 2024 magatakardan majalisar da ke yi wa nas-nas da ungozomomi rajista a Nijeriya ya ce 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3. Wanda birnin Kano bai riƙe ba, ƙauye ne zai riƙe shi?

An taɓa gwada maganin wannan. Cikin 2009 Gwamnatin Tarayya ta fara wani shiri na tura ungozomomi asibitocin karkara, sababbin fita makaranta da waɗanda suka yi ritaya. Masu bincike suka bi sawun shirin, rahotonsu na 2016 ya nuna zuwa awon ciki ya ƙaru a shekarar farko, daga baya ƙarin ya dushe, haihuwa a hannun ƙwararru kuwa ba ta ƙaru yadda aka sa rai ba. Cikin dalilan da aka ambata akwai jinkirin biyan alawus da rashin masauki mai kyau, har da yawa daga cikin ungozomomin suka bar wuraren da aka kai su. Wannan ba abin mamaki ba ne gare mu. Yarinyar da aka ɗauko daga nesa, ba dangi, wata ma ba ta jin Hausa, yaya za ta zauna?

Wani shiri da Gwamnatin Ingila ta ba da kuɗinsa daga 2012 zuwa 2020, a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, ya bi ta wata hanya. Mutanen ƙauye su ke zaɓen 'yarsu da ta gama sakandare amma jarrabawa ba ta cika mata ba, a koya mata har ta cika sharaɗin shiga makarantar jinya ko ta ungozoma, bisa alkawarin in ta gama za ta komo ta yi wa garinsu aiki. Matan aure ma sun shiga, aka tanadi masu renon 'ya'yansu. Hikimar a fili ta ke. 'Yar gari tana da ɗakin kwana, tana da miji ko iyaye a nan, mata ba sa jin kunyarta, mazaje kuma ba sa ƙin kai mata iyalinsu.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Makarantun ba su yi nisa ba. Akwai ta jinya a birnin Kano da Madobi, akwai ta ungozoma a Dambatta, Jami'ar Bayero kuma tana ba da digirin jinya. Abin da a ke nema wurin yarinya shi ne ta ci darussa 5 da kyau a jarrabawar ƙarshen sakandare: Turanci, da lissafi, da ilmin halittu, da kimiyyar haɗa sinadarai, da fizis. Nan ne gizo ke saƙa, gama yarinyar da aka cire daga aji uku, ko wadda makarantarsu ba malamin kimiyya, ƙofar ta rufe mata tun ba ta ƙwanƙwasa ba.

Sabo da haka muna kira ga iyaye a Fammar da Tarai da Durba da sauran garuruwan Kibiya da Rano, su bar 'ya'yansu mata su kammala sakandare. In aure ya zo, a sa sharaɗin karatu cikin maganar tun farko. Muna roƙon hakimai da dagatai da limamai su sa ido, ko wace gunduma ta san 'yan matanta masu ƙoƙari, a taru a ɗauki nauyin ɗaya ko biyu, kamar yadda a kan taru a yi gayyar noma. Hukuma kuma, in za ta gina ɗakin shan magani, ta gina da gidan ma'aikaciya, ta biya albashi kan kari, ta riƙa ƙidaya majinyatan da ke hannun ko wace nas kamar yadda ta ke ƙidaya gadaje. Mu kuma masu kai majinyata, in mun tarad da nas ɗaya a kan ɗaki guda cike da mutane, mu san inda laifin ya ke kafin mu ɗaga mata murya.

Yarinyar da ke aji ɗaya na sakandare a Fammar bana, in an bar ta, nan da shekara 10 ita ce za ta buɗe ƙofa sa'ad da aka ƙwanƙwasa da tsakar dare. Allah Ya ba mu ikon renonta, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sauki masu ciki lafiya, amin.