Tsoho mai ciwon suga da ya rame: a daina hana shi abinci

A gidaje da yawa na unguwar Kpébié a Parakou, da Zangon Djougou, ranar da likita ya ce Baba yana da ciwon suga, ranar ake raba masa tukunya. An hana shi sakwara, an hana shi shinkafa, an zare mai daga miyarsa, an ce nama ma a ɗan dakata. Abin da ya rage a kwanonsa shi ne 'yar malmalar tuwon dawa da miyar ganye tsararo, sai kofin ruwan shuwaka mai ɗaci da safe. 'Ya'yansa don ƙauna suke yin haka. Amma bayan wata shida sai ka ga riga tana lilo a jikinsa, ƙashin wuya ya fito, idan zai tashi daga tabarma sai an kama shi.

Ciwon ya yaɗu a Jamhuriyar Benin. Binciken ƙasa da aka yi da tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ya sami sugan jini ya hau a jikin kashi 2.6 cikin ɗari na manya a 2008, a 2015 kuwa adadin ya kai kashi 12.4. Nasihar da ta bi wannan yaɗuwa zuwa kunnen jama'a ɗaya ce: rage ci, rage ƙiba. Nasiha ce mai kyau ga magidanci mai tumbi. Ga dattijo ɗan shekara 70 wanda dama ba shi da nama a jiki, cutarwa ce.

Da farko a gane dalilin ramar. Idan insulin ya yi ƙaranci, sugan da ke cikin jini ba ya shiga tsoka. Da zarar ya wuce kimanin giram 1.80 a lita, wato irin awon da asibitocin Benin suke rubutawa a takarda, sai ƙoda ta fara zubar da shi cikin fitsari. Mutum ya ci abinci, amma ƙarfin abincin ya bi fitsari, jiki kuma ya koma cin kitsensa da tsokarsa. Irin wannan tsoho, magani ne ya yi masa kaɗan, kuma sau da yawa allurar insulin yake bukata. Mutanenmu na tsoron allurar, suna cewa wanda aka fara wa ita ya zo gargara. Gaskiyar ita ce ramammen da aka daidaita wa insulin yakan murmure, nama ya dawo masa. Duniya ma ta fara lura cewa ba kowane mai suga ne ƙato ba: a Afrilun 2025, a taronta na Bangkok, Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta amince da wani nau'i na biyar mai nasaba da ƙarancin abinci tun ƙuruciya, wanda aka ƙiyasta yana damun mutum miliyan 20 zuwa 25, akasari a Asiya da Afirka.

Akwai wasu dalilan. Ƙwayar metformin tana kashe sha'awar abinci ga wasu, tana kawo tashin zuciya da gudawa. Tarin fuka yana kama mai suga fiye da sauran mutane ninki biyu zuwa uku, don haka rama da tari da zufar dare a kai su asibiti ba tare da jinkiri ba. Ga ciwon daji, ga haƙoran da suka zube, ga kaɗaici bayan rasuwar abokin zama. Duk tsohon da ya rasa kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa cikin wata shida ba da niyya ba, a kai shi a bincika, ko a babban asibitin koyarwa na Borgou da Alibori da ke Parakou, ko a asibitin da ya fi kusa.

A gida ma ana iya aunawa. Namiji mai tsayin mita 1.65 da bai kai kilo 50 ba ya rame a kowace shekara yake. Idan ya haura 70, ƙasa da kilo 60 ma abin sa ido ne. Inda babu sikeli, a ari tef ɗin tela a zagaya sha-raɓarsa inda ta fi kauri. Ƙasa da santimita 31 alama ce tsoka ta tafi.

To me zai ci? Ƙungiyar masana abincin marasa lafiya ta Turai ta bayyana a ƙa'idojinta na 2019 cewa a guji takura wa tsofaffi masu suga da dokokin abinci, kuma su sami aƙalla giram ɗaya na sinadarin gina jiki ga kowane kilo na nauyinsu a yini, wanda ya rame kuma a ƙara masa zuwa 1.2 ko 1.5. Tsoho mai kilo 45 ke nan yana neman kimanin giram 54 zuwa 68. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6. Sauran kuwa suna nan a kasuwar Arzèkè ta Parakou: wagashin Fulani, wanda ake daskarar da madararsa da ruwan tumfafiya, a rina bayansa ja da karan dafi, ga laushi ko ga mai wawulo, awarar waken suya, wake, ko a dafa shi luguf ko a yi tubani, busasshen kifi a daka a zuba a miyar kuka, ƙuli-ƙuli a barbaɗa kan kwaɗon zogale, kindirmo ba suga. A mayar masa da mansa, na gyaɗa ko na kaɗanya, cokali ɗaya a kowane kwano, domin mai yana ƙara ƙarfi ba tare da ya ɗaga suga ba. Mai ciwon ƙoda kaɗai ne zai jira likita ya yanka masa adadin nama da wake.

Sakwara, wadda a Borgou ita ce sarauniyar abinci, ba haramun ba ce gare shi. Malmala daidai dunƙulen hannunsa, da miyar gyaɗa mai kauri da wagashi, ta fi kofi biyu na koko tsinkakke mai suga. Abin da za a rage da gaske shi ne lemon kwalba, shayi mai kauri da madarar gwangwani mai zaƙi, da garin rogo jiƙaƙƙe da suga. Cikin tsoho ba ya ɗaukar da yawa a zama ɗaya, sai a raba masa sau biyar ko shida, kuma wani ya zauna ya ci tare da shi. Ya riƙa tashi daga kujera yana zama sau goma safe da yamma, ya taka zuwa masallaci idan da hali, don abincin ya koma tsoka.

Haɗarin da ya fi tsorata ni shi ne faɗuwar suga. Tsohon da ke shan ƙwayar glibenclamide ko yake allura, kuma bai ci kirki ba, suga na iya sauka ƙasa da giram 0.70. Sai zufa, karkarwa, magana ba kai, wani lokaci iyali su zaci ruɗin tsufa ne ko iska. Idan yana iya haɗiya, a jiƙa masa ƙwayar suga uku a ruwa nan take, abinci ya biyo baya. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai, a nufi asibiti. Saboda wannan haɗari ne likitoci suke sassauta wa raunanan tsofaffi ma'aunin suga, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son ƙwayar gliclazide a kan glibenclamide ga wanda ya kai 60. Azumin watan Ramadan ma, ramammen tsoho mai allura ya tambayi likitansa tun watan Sha'aban, a duba ko zai iya ko kuwa ya ciyar.