Ruwan tuffa da tumatirin gwangwani: wanne ya fi amfani ga jiki?

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, har da kantunan ƙauye, ana saida cimaka ta cikin kwali da gwangwani. Daga ciki akwai ruwan tuffa, akwai tumatir. Sau da yawa akan rubuta a jikin kwalin ruwan tuffa cewa an ƙara masa bitamin C. Wannan rubutu yana sa wasu iyaye su ɗauka magani ne. Sai su ɗebi kuɗin cefane su saya wa yaro marar lafiya. Ya kamata kowa ya san abin da ke cikin kowannensu kafin ya fidda kuɗinsa.

Mi ke cikin ruwan tuffa?

Tuffa ta fi son ƙasashen sanyi, shi ya sa daga waje ake kawo ruwanta. A ma'aikata ana matse ta, a tace, a zubar da ɓawo da tsakin. To, wannan abin da aka zubar shi ne ke taimaka wa ciki wajen fidda bayan gida. Abin da ya rage ruwa ne da zaƙi.

A cikin garam 100 na ruwan tuffa akwai sukari wajen garam 10. Ke nan kofi guda mai cin rubu'in lita yana ɗauke da kusan ƙwaya 5 ta sukari. Ruwan tuffa ba shi da bitamin C mai yawa na kansa, don haka ake zuba masa a ma'aikata. Bitamin ɗin na gaskiya ne, yana da amfani. Yana kare dasashi daga zubar jini, yana sa miki ya warke, yana taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke cikin hatsi da wake. Amma ƙarin bitamin ba ya rage sukari ko kaɗan.

Mi ke cikin tumatirin gwangwani?

Tumatirin gwangwani iri biyu ne. Akwai wanda aka sa da ruwansa, akwai mai kauri wanda aka dafa har ruwan ya tsane. Mai ruwa sukarinsa bai kai garam 4 ba a cikin garam 100. Mai kauri, irin na ƙaramin gwangwani mai garam 70, sukarinsa duka bai kai ƙwaya 2 ba, kuma miyar gida guda ake yi da shi.

Tumatir ba a zubar da namansa, saboda haka yana taimakon ciki. Yana da gishirin jiki da ake kira fotasiyom, wanda zuciya da jijiyoyi ke bukata. Jan launinsa kuwa daga wani sinadari ne mai suna likofen, wanda jiki ya fi ɗauka idan an dafa tumatir da ɗan mai. Yana da bitamin C, amma bai kai na ruwan tuffa da aka ƙara wa ba, kuma doguwar dahuwa tana rage shi.

Aibin tumatirin gwangwani shi ne gishiri, don sau da yawa ana ƙara masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai garam 5 na gishiri a yini. Uwargidan da ta sa shi a miya sai ta rage gishiri da dunƙulen miya, musamman in akwai mai hawan jini a gidan.

Abin lura ga yara

Ba a ba yaro mai zawo ruwan tuffa. Zaƙinsa yana jawo ruwa cikin hanji, zawon ya ƙaru. Maganin zawo shi ne garin gishiri da sukari na likita, wanda ake damawa a lita 1 ta ruwa mai tsabta, tare da ƙwayar zinki. A ci gaba da ba shi nono. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Yaron da ya saba da ruwan zaƙi yakan ƙi kunu da tuwo, haƙoransa kuma su ruɓe.

Abin lura ga gwangwani

Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko yake yoyo, ba a cin abin da ke ciki, yana iya kisa. A duba ranar ƙarewa da aka rubuta a kai. In an buɗe, a juye ragowar a kwano mai tsabta, a rufe, a yi amfani da shi da wuri.

To, wanne za a saya?

Idan kuɗi kaɗan ne, tumatir ya fi, don duk gida zai ci, kuma amfaninsa iri-iri ne. Mai neman bitamin C ba sai ya je kanti ba. Akwai shi a ɗan kuka, gwaiba, lemu, mangwaro da ɗanyen tumatir na lambu. Amma ko ruwan tuffa ko tumatir, babu wanda ke gina jiki. Wannan aikin wake ne, da gyaɗa, nono, ƙwai, kifi da nama.

Wanda ya iya karatu ya karanta abin da ke jikin kwali, ya kuma bayyana wa maƙwabcinsa. Hausawa sun ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai.